Sun laƙaba wa ɗana suna a makaranta, kuma malami ne ya fara: yaya zan yi?

Uwar Ɗalibi, Zariya

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau damuwa ta sa dole na yi magana, domin shawarar da nake samu a cikin gida ta kasu biyu, kuma babu wadda hankalina ya kwanta da ita.

Ɗana na biyu shekararsa 11, yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wata makarantar jeka-ka-dawo mai zaman kanta. Tun yana ƙarami yake da in'ina, ba mai tsanani ba, takan kama shi ne idan ya tsorata ko ya ga ido ya yi masa yawa. A firamare ba mu taɓa samun matsala ba, saboda tare suka tashi da abokansa, sun saba su jira shi ya ƙarasa maganarsa. A zangon farko na bana wani malami ya tashe shi ya yi karatu a gaban aji, sai ya maƙale a kalmar farko yana ta maimaita harafi guda. Maimakon malamin ya ba shi lokaci, sai ya ce, "Kai, wani ya zo ya ja wa janaretan nan igiya ko ya tashi." Aji ya kwashe da dariya, kuma daga ranar sunansa ya koma Janareta.

Ban sani ba sai bayan wata biyu. Abin da na fara lura da shi shi ne ciwon ciki kowace safiyar Litinin, sannan kular abincinsa ta riƙa dawowa yadda na zuba, domin ashe ya daina fita tara, yana zama a aji shi kaɗai. Ranar da nake duba jakarsa na ga an zana masa janareta a bangon littafin lissafi, har da hayaƙi yana fita, sannan ya gaya mini komai yana kuka. Ya ce duk lokacin da ya miƙe tsaye sai wani daga baya ya yi kamar yana jan igiya, sauran su yi ta ƙunshe dariya. Akwai yara biyu da suke tare shi a bayan aji suna karɓe masa kuɗin tara, wai kuɗin fetur. Har mai sayar da awara a bakin ƙofar makaranta da sunan take kiransa, ita a zatonta sunan wasa ne da yake so.

Maigidana ya ce namiji ne, ya rama, duk wanda ya kira shi da sunan ya kai masa naushi. Surukata kuma ta ce a cire shi kawai a canja masa makaranta. Ni kuwa tsorona shi ne in na je na yi magana abin ya ƙara lalacewa, a ce masa mai kai ƙara wajen uwarsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a kan ƙofar makarantar nan an rubuta ilimi da tarbiyya da manyan baƙaƙe, kuma kowace Litinin a asambuli akwai halin kirki guda da ake sa su maimaitawa. To ina amfanin wannan tarbiyyar? Don Allah masu ilimi da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, ku ba ni shawara.

Tsohon Firinsifal, Katsina

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya shirya mana zuriya. Na yi shekara 35 ina aikin koyarwa kafin na ajiye, kuma zan fara miki da laifina kafin na zo kan na wani.

A shekarun farko na aikina akwai wani yaro mai babban kai a ajina. Wata rana ya kasa amsa tambaya, na ce masa wannan kai kamar tulu amma babu ko ɗigon ruwa a ciki. Ni na faɗa na manta, yara ba su manta ba. Bayan fiye da shekara 20 ina tsaye a tashar mota a Funtuwa, wani magidanci ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ban gane shi ba, sai ya ce, "Malam, ai ni ne Kan Tulu." Bai yi murmushi ba da ya faɗa. Na yi ta laluben sunansa na yanka a raina ban same shi ba, sunan da na laƙa masa kaɗai na iya tunawa. Ya biya mini kuɗin mota ya tafi, ni kuma har na isa gida ban iya yi wa kowa magana ba. Magana zarar bunu ce, ta malami kuwa ta fi ta kowa, domin abin da yaro ya faɗa a aji tsokana ce, amma abin da malami ya faɗa izini ne. Yaran ajin ɗanki suna ganin an halatta musu ne.

Saboda haka kada ki yarda da shawarar naushi. Yaro guda ba ya iya dukan aji guda, kuma ranar da ya fasa wa wani baki shi za a kora, wanda ya jawo abin yana zaune a ofishin malamai yana shan shayi. Canja makaranta ma kada ya zama matakin farko, domin in'inar za ta bi shi, kuma zai tafi da tunanin cewa shi ne mai laifin da aka ɗauke.

Ki je makarantar, amma ki je tare da mahaifinsa, kuma ku nemi ganin firinsifal a ofis, kada ku tsaya yin magana a bakin aji inda yara za su gan ku. Ku tafi da littafin da aka yi zanen, ku rubuta ranaku da abin da ya faru gwargwadon yadda yaron ya tuna, domin shugaban makaranta yana iya kau da kai daga maganar baki, amma takarda tana sa shi ya gyara zama. Ku raba maganar gida biyu. Karɓar kuɗi ƙwace ne, a kira iyayen yaran nan biyu a mayar da abin da aka karɓa. Maganar suna kuwa ta malamin ce, kuma a ganina shi ya kamata ya tsaya a gaban ajin da ya yi ɓarnar ya ce ya yi kuskure. Kada ku nemi a kore shi, kuma kada ku yarda a fito da yara a asambuli a zane su da sunan ɗanku, domin bulalar nan a kansa za su fanshe ta a hanyar gida.

Game da tambayarki ta ƙarshe, amsar ba ta da daɗi. Darasin zama ɗan ƙasa nagari yana cikin manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ta tsara, ana koyar da shi, ana jarrabawa a kansa, kuma na sha ganin yaron da ya fi kowa cin zali ya fi kowa maki a cikinsa. Ba jerin halaye ne muka rasa ba. Wani Baturen Ingila mai suna Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa kafin ya koma koyarwa a can Zariyarku, ya wallafa nazari a 1974 kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Daga bakin kakanninmu ya tsinto su, su kuma ba a allo suka koya ba. Sun ga yadda babba yake yi wa na ƙasa da shi ne suka ɗauka. Makarantar da ke sa yara su maimaita kalmar mutunci da ƙarfe takwas, sannan malami ya ci mutuncin yaro da ƙarfe tara, darasin ƙarfe tara shi yara za su riƙe.

Tsohon Ɗan Kwana, Kano

Hajiya, ina tausaya miki, kuma ina girmama maganar Baba Firinsifal, amma ku yi mini haƙuri in faɗi abin da na gani ta wata fuskar. Na yi makarantar kwana ta gwamnati shekara shida, kuma ban san mutum ɗaya a cikinmu da ya fita babu laƙabi ba. Akwai mai sunan dabba, akwai mai sunan abinci, ni kaina saboda tsawona da rama aka ba ni nawa. Mun ɗebo wa siniyoyi ruwa, mun wanke musu kaya, mun sha gwale-gwale da tsallen kwaɗo da kamun kunne, wani lokaci a karɓe maka naman da ke cikin gabzarka kana kallo. Yau muna da zauren tsofaffin ɗalibai a WhatsApp, cikinmu akwai likitoci da alƙalai da manyan 'yan kasuwa, kuma da waɗannan sunaye muke kiran juna ana raha.

Laƙabi da zolaya al'adarmu ce. Bakano yana tsokanar Bazazzagi, Bafulatani yana tsokanar Babarbare, taubasai suna wasa da juna, babu wanda ya taɓa kai ƙara. Tsorona shi ne mu tashi yaran da ko kallon banza ba za su iya ɗauka ba, alhali duniyar da za su shiga ba ta da firinsifal. A shawarata a hukunta masu karɓar kuɗi, wannan kam babu ja, amma maganar suna a koya wa yaron ya yi dariya tare da su. Idan suka ga abin ba ya yi masa ciwo, da kansu za su gaji.

Ɗan Maraɗi

Ɗan'uwana na Kano, tunda ka kawo maganar wasan dangi, bari in sa baki, domin a nan Nijar abin yana da daraja ƙwarai, har UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a 2014. Ni Bagobiri ne, kuma babu Bazabarmen da zan haɗu da shi a tasha mu rabu ban ce masa bawana ba, shi ma bai mayar mini ba. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida wadda ko tsohuwar ƙauye ta sani. Duk wanda ya faɗa ana mayar masa, kuma dukkan ɓangarorin sun san matsayinsu tun kafin a fara. Ana tsokanar ƙabila ko gari ko sana'a, ba a taɓa halittar da Allah ya yi wa mutum, shi ya sa ba za ka ji taubashi ya yi wa taubashinsa gurgu gorin ƙafa ba. Kuma da zarar fuska ta canja, wasa ya ƙare, sai ban haƙuri. A ajin yaron nan mutum arba'in ne a kan mutum ɗaya, ba shi da abin mayarwa, kuma abin da ake yi wa dariyar shi ne ainihin abin da ke hana shi mayarwa.

Sannan ina so ka sake duba zauren naku na tsofaffin ɗalibai. Waɗanda suke ciki suna raha su ne waɗanda suka jure. Ka ƙirga nawa kuka shiga aji ɗaya, nawa suka gudu a shekarar farko, nawa kuma aka sa su a zauren suka fita ba su ce komai ba.

Ni ma makaranta ce ta fara koya mini tozarta mutum. A firamaren da na yi akwai wani ƙashi da aka ɗaura wa igiya, wanda ake kira sambol, ana rataya wa duk yaron da aka kama yana Hausa maimakon Faransanci. Hanyar rabuwa da shi guda ce, ka kama wani ya yi Hausa ka rataya masa, wanda ya kwana da shi kuwa shi ke shan duka da safe. Na tuna na yaudari aminina na tambaye shi wani abu cikin raɗa, ya amsa mini da Hausa, na rataya masa. Malamanmu suna ganin harshe suke koya mana.

Malamar Islamiyya, Sakkwato

'Yar'uwa, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Hukuncin wannan abu a addini ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana mata su yi wa mata, ta hana aibata juna, sannan ta ambaci jifan juna da miyagun laƙubba da sunansa, ta rufe da cewa wanda bai tuba ba yana cikin azzalumai. Malaman hadisi sun yi amfani da laƙubba irin su Al-A'amash (mai raunin ido) da Al-A'araj (gurgu) don a gane wanda ake nufi, amma sun sharɗanta kada a yi nufin ƙasƙanci. Ma'aunin da malamai suka bayar shi ne ko mai sunan yana ƙin sa, kuma yaron da ke kuka ya riga ya ba da amsa.

Akwai abin da nake so ki zaunar da ɗanki ki karanta masa da kanki. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana da ƙulli a harshensa, shi ya sa a Suratu Ɗaha ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin domin a fahimci maganarsa. A Suratuz Zukhruf kuma, aya ta 52, Fir'auna ya tsaya a gaban mutanensa yana yi masa gori cewa da ƙyar yake iya bayyana magana. Ki nuna wa yaron ya gani da idonsa wane ne aka yi wa gorin harshe, wane ne kuma ya yi gorin. Haka nan ya zo a ruwaya cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya iska ta bayyana siraran ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariya, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya musu cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Bai bari dariyar ta wuce ba, kuma bai jira an kawo masa ƙara ba, nan take ya ɗaga darajar wanda aka yi wa dariya a gaban masu dariyar.

Ba zan ɓoye namu laifin ba. A Islamiyyu da yawa malami zai gama karantar da wannan aya, yaro ya kasa kawo hadda, ya ce masa jaki ko daƙiƙi, sauran yara su ɗauka su kai har unguwa. A gidajenmu ma uwa ce ke fara kiran ɗanta Amalala a gaban baƙi saboda fitsarin kwance, ta sa 'yan'uwansa su yi masa waƙa. Ga maigidanki kuma, a tuna masa da ladabi cewa hadisin da ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko wanda aka zalunta ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Wannan aikin manya ne, bai kamata a ɗora shi a wuyan ɗan shekara 11 ba.

Malama Mai Ba Da Shawara, Kaduna

Hajiya, aikina ke nan a wata makarantar sakandare, kuma kusan kowane mako sai irin wannan magana ta zo teburina. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci binciken, don haka kada ki ɗauka wani abu ne ya lalace a tarbiyyar gidanki.

Masanin da ya fara nazarin abin da gaske, Dan Olweus, wanda ya yi aikinsa a jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, ya ce ana gane cin zali da abu uku: ana yin sa da niyya, ana maimaita shi, kuma ƙarfin ɓangarorin bai zo ɗaya ba. Ƙasar ba ta ɗauki maganar da muhimmanci ba sai da yara maza uku da ake cin zalinsu a makaranta suka kashe kansu a 1982, sannan gwamnati ta ƙaddamar da yaƙi da abin a makarantu a 1983. Ina faɗin wannan ne saboda ɗan'uwanmu na Kano, domin ciwon cikin safiyar Litinin ba shagwaɓa ba ce.

Abin da ya fi yi mini amfani a aikina kuwa daga Finlan ya fito, wato shirin yaƙi da cin zali mai suna KiVa da jami'ar Turku ta tsara aka bazu da shi a makarantun ƙasar daga 2009. Tushensa shi ne mai cin zali 'yan kallo yake yi wa wasa, dariyarsu ita ce ladarsa, saboda haka idan aka canja 'yan kallo kasuwarsa ta mutu. Ku tuna bidiyon nan na wata makarantar kuɗi a Abuja da ya karaɗe intanet a watan Afrilun 2024, inda wata ɗaliba take ta marin 'yar'uwarta. Kowa ya yi magana a kan mai marin, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauran da ke tsaye a gefe, da hannun da ya riƙe wayar bai ko girgiza ba. A ajin ɗanki mai jan igiyar mutum ɗaya ne ko biyu. Yawancin masu dariyar ba mugunta ce ke sa su ba, tsoro suke kada abin ya juyo kansu.

Yadda nake yi shi ne in nemi yara uku ko huɗu waɗanda aji ke jin maganarsu, ba lallai monita ko firifet ba, wani lokaci mai tsaron gida na ƙwallo ne ko yarinyar da kowa ke aron littafinta. Ina kiran su ɗaya bayan ɗaya, in ce ina neman taimakonsu, in roƙe su abu ƙarami: kada su yi dariya, su kira shi da sunansa na gaskiya da ƙarfi, ɗaya ya ja shi su fita tara tare. Masu laifin kuma ina ganin su daban, kowa shi kaɗai, in gaya masa na san abin da ke faruwa, in tambaye shi me zai yi ya gyara, in sa masa ranar da zai dawo bayan mako biyu. Dawowar nan ita ce maganin, domin yawancin makarantu sau ɗaya suke magana su rufe fayil.

Inda na ɗan saɓa da Baba Firinsifal, Allah ya ƙara masa girma, shi ne batun ban haƙuri a gaban aji. Yana iya yin kyau, yana kuma iya sake tara wa yaron idon da yake gudu. A tambayi yaron tukuna, abin da ya zaɓa shi za a yi.

Game da in'inar kanta, kusan mutum ɗaya cikin ɗari na manya yana da ita, ta fi yawa ga maza, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. A gida kada ku ƙarasa masa kalma, kada ku riƙa ce masa ya nutsu ko ya ja numfashi, ku dai dube shi ku jira. A aji a roƙi malamai su riƙa haɗa shi da wani su yi karatu murya ɗaya, domin an san in'ina tana raguwa sosai idan mutum yana karatu tare da wani, kuma a riƙa kiran sa da wuri maimakon a bar shi yana jiran layi gabansa na faɗuwa. Ki kuma tambaya a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti ko za su haɗa ki da masu gyaran magana.

Idan makarantar ta yi miki taurin kai, ki sani kina da madogara. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, jiharmu ta Kaduna ta yi tata a 2018, kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da manufar tsaro da kawar da tashin hankali a makarantu a 2021. Makaranta mai zaman kanta da izinin ma'aikatar ilimi ta jiha take aiki, kuma mai makaranta ya san haka ko da bai faɗa ba.

Uwar Ɗalibi, Zariya

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru ne don in ga inda abin zai tsaya kafin in dawo, yau mako uku ke nan.

Na karanta wa maigida amsoshinku, labarin tashar Funtuwa shi ya sa ya yarda ya raka ni. Da farko firinsifal ta ce wasan yara ne, sai da na ajiye mata littafin da takardar da muka rubuta sannan ta aika a kira malamin. Ya ce shi bai ma tuna ya faɗi haka ba, kuma na yarda da shi, domin na ga yadda jikinsa ya yi sanyi da ya ga zanen. Ashe yaro ne matashi, bara ya gama hidimar ƙasa. Na tambayi ɗana kamar yadda Malama Mai Ba Da Shawara ta ce, ya ce shi ba ya son a yi maganar a gaban aji, don haka malamin ya ba shi haƙuri a ofis, kuma tun daga ranar yana haɗa shi da wani yaro su yi karatu tare.

Karɓar kuɗi ta tsaya. Mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran ta zo har gida da naira 1,500 da ban haƙuri, mahaifin ɗayan kuwa ya ce sharri aka yi wa ɗansa, har yanzu ba ya amsa gaisuwar maigida a masallaci. Makarantar ba ta da mai ba da shawara, malamar ajinsu ce ta karɓi aikin neman yaran da za su tsaya masa, kuma ta samu biyu. Mai awara ni na je na same ta da kaina, ta yi ta salati, yanzu har ƙari take yi masa.

Sunan bai mutu ba. A ajinsu ya ragu ƙwarai, amma 'yan aji biyu suna kiran sa da shi a filin ƙwallo, kuma ranar Laraba ya dawo ransa a ɓace bai ci abincin dare ba. Na karanta masa ayoyin da Malamar Islamiyya ta nuna mini, bai ce komai ba, sai washegari na ga ya sa tsinke a shafin. Maigida ya kai maganar taron iyaye da malamai, ya nemi a rubuta doka a kan malamin da ya laƙaba wa ɗalibi suna, wasu iyaye suka goyi baya, mai makarantar ya ce za a duba. Jarrabawar ƙarshen zango za a fara ranar Litinin, kuma mun bar maganar canja makaranta sai mun ga yadda makonni biyun farko na sabon zango za su kasance.